Ƙahon Baba Tankari a Bayan Likita

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na tuɓe riga a gaban babban likita ba, kuma ko na so in manta, tsofaffin Dogon Dutsi ba za su bar ni ba. Har yau in na shiga gidan suna ko zaman makoki, sai an samu wani marar aikin yi ya matso kusa da ni ya ce, "Majo, ina bayan?" Kada ku ɗauka lafiyata ce ta dame shi.

Abin ya faru ba da jimawa ba bayan ƙasarmu ta samu mulkin kai. Na gama makarantar masu jinya a Yamai, aka ba ni farar riga, aka turo ni gidan likita na Dutsi, garin da aka binne cibiyata. A takarda ni ɗan gwaji ne. Sai na shekara ina aiki, sannan babban likita ya zo daga Doso ya duba aikina da halina da lafiyar jikina, in ya ga na cancanta ya sa hannu a tabbatar da ni. In bai sa ba, a karɓe farar rigar in koma gona in rungumi kalme. To amma wannan a takarda ne. A cikin gari Likita ake ce mini, ni kuma saboda tawali'u ban taɓa gyara wa kowa ba. (Farar rigar nan har kasuwa nake zuwa da ita. Na taɓa sa ta zuwa ɗaurin aure, na fi ango haske.)

Shugabana a wurin aiki shi ne Majo na wancan lokaci, wato babban mai jinya, dattijo ne da ya fara aiki tun zamanin Nasara. Bakinsa ya fi sabawa da goro a kan magana.

Wata rana doka ta iso daga sama: daga yanzu ba mai huda fatar ɗan ƙasa da allura ko tsaga ta da aska da sunan magani, sai wanda gwamnati ta ba izini. Wanda ya ƙi ji, a kai ƙararsa. In faɗi gaskiya, dokar ba shirme ba ce. Mun sha karɓar jarirai da aka cire wa belu da aska mai tsatsa, da manya waɗanda allurar kasuwa ta kumbura musu ɗuwawu har ba su iya zama. Majo ya karanta takardar, ya ninke ta, ya danne da kwalba, ya ce, "To, mun jiya." Ni kuwa tsani na hango. Babban likita na tafe, kuma ina bukatar abin da zan nuna masa ya san ba ƙaramin mutum aka turo Dutsi ba.

Masu karya wannan doka a fili mutum biyu ne a kasuwarmu. Na farko Saje, tsohon sojan Faransa, mai allura guda ɗaya tak wadda yake soka wa duk wanda ya zo, ya goge ta a hannun riga. Ƙirjinsa cike da lambobin yabo, damtsensa kamar turmi, kuma an ce ya taɓa ɗaga jaki da kayansa. Na biyu Baba Tankari, wanzamin gidanmu, tsoho siriri wanda iska mai ƙarfi kan sa ya riƙe bango. Shi ya yi mini askin suna, shi ya yi mini tsagar Arawa da ta taso daga gefen bakina zuwa kunne, shi ya yi mini kaciya. Na zauna na yi nazari mai zurfi irin na masu ilimi, sai na gano cewa a cikinsu Baba Tankari ne ya fi haɗari ga lafiyar al'umma.

Ranar kasuwa na ɗauki gardi guda, wato dogarin kumandan mai mulkin gari, muka same shi a gindin bishiyarsa yana wasa aska.

"A'a, ɗan Hajo na? Zamna in rage maka gashin ga," in ji shi. (Hajo innata ce. Duk garin shi kaɗai ne bai ji labarin cewa na zama Likita ba.)

Na gyara murya na ce, "Baba, kana da difulom?"

"Mi a difulom kuma?"

"Takardar da ke nuna ka iya aikinka."

Ya ɗaga kai ya ƙare wa fuskata kallo. "Taɓa kuncinka. Ga ta nan dama da hagu, ni nir rubuta ta tun kana jinjiri. Akwai guda kuma, amma waccan ba a buɗe ta cikin kassuwa."

Masu jiran aski suka bushe da dariya, har gardin da na zo da shi ya juya baya kafaɗunsa na rawa. Da ina da hankali da nan na tsaya. Sai zuciya ta ɗebe ni, na sa aka tattara zabirarsa, wato jakar fatar da yake zuba asake da ƙahoni, na rubuta ƙara na aika Doso. Zabirar na kulle ta a akwatin ƙarfe na gidan likita, na rataya mabuɗin a wuyana kamar laya.

A gida Inna ta ajiye mini tuwo ba ta ce ci ba. Can ta ce, "Wanzamin gidanmu kak kama? To ran da kah haihu, wa za shi yi ma ɗiyanka askin suna? Gwamnati?"

Na ce, "Inna, doka ce."

"Dokar ba ta san hanyar rumhwar Saje ba?"

Na ce miyar ta yi gishiri.

Baba Tankari bai daina zuwa gindin bishiyarsa ba. Kullum yana nan zaune hannu wofi, mutane na wucewa da gashi buzu-buzu suna gaishe shi. Ba shi da gonar kirki, da askar nan yake ci da iyalinsa, kuma na san haka sarai. Abin ya riƙa sukata a zuci, sai na samo masa magani: na sauya hanyar zuwa aiki.

Ana nan aka tura ni rangadin yi wa mutane lambar rigakafin agana a rugagen makiyaya can wajen Dogon Kiriya. Doki bai samu ba, aka ba ni raƙumi. Ni da na saba da bencin makaranta, na kwana da kwanaki ina lilo a kan wannan dabba marar tausayi. Ran da na dawo, na sauka ke nan bayana ya ƙulle. Ban iya sunkuyawa, ban iya miƙewa sosai, ina tafiya kamar mai neman allura a ƙasa. Salla a zaune, takalmi sai an sa mini. Na sha asfirin har kunnuwana suka fara ƙara, na shafa duk abin da ke shafuwa a gidan likita, baya ya ce bai san zancen ba.

Sai ga Majo da albishir: babban likita zai iso cikin makon, zai saurari ƙarata, ya kuma duba lafiyata rana guda. Ya tauna goronsa ya ƙara da cewa, "Shina sa mutum shi duƙa shi taɓa yatsun ƙahwa. Wanda bai iya ba, ba a ba shi marasa lahiya shi ɗauka." Ya faɗi haka yana kallon rufin ɗaki. Ni a lokacin ko gwiwata ban iya taɓawa.

Inna ta dube ni ina rarrafe zuwa shimfiɗa ta ce, "Mataccen jini na. Ƙaho za a yi maka."

"Inna, ilimin likita bai san wani abu mataccen jini ba."

"To ilimin shi tashe ka."

Na jure kwana ɗaya saboda mutuncin ilimi. Kashegari na kira ta da ƙaramar murya na ce a kira Baba Tankari, amma ta ƙofar baya. Ta yafa zane ta fita da kanta, ta dawo da amsarsa: ya ce yana gaida Likita, yana yi masa sannu, amma da me zai yi aikin? Kayansa na hannun gwamnati.

Jama'a, ni ne gwamnatin. Da azahar, lokacin da Majo ya tafi gida cin tuwo, na ja jiki zuwa gidan likita, na ciro mabuɗi daga wuyana, na buɗe akwatin, na cusa zabirar cikin jakar aikina, na biyo lungu ina gaisawa da mutane a karkace. Wata tsohuwa har addu'a ta yi mini, wai Likita ko ba shi da lafiya bai fasa zuwa duba marasa lafiya ba. Na ce amin.

A bayan rumbun Inna aka shimfiɗa tabarma. Baba Tankari ya karɓi zabirarsa da hannu biyu, ya shafa ta, ya duba asakensa ɗaya bayan ɗaya. Sannan ya ce, "Likita, ka zo da takardar izini? Kar in taɓa ka gardi shi zaka."

"Baba, don Allah."

"To kwanta, ɗan Hajo."

Wanda bai taɓa sha ba, ga yadda ake yi: ya kafa ƙaho a baya ya zuƙe iskar da baki har fata ta taso, ya cire, ya tsattsaga wurin da aska, ya mayar da ƙahon ya sake zuƙa jini ya taru. Ni da nake soka wa jarirai allura ina ce wa uwayensu ba zafi, askar farko na kira sunan Inna. Ta leƙo ta ce, "Ashe wanzami ba ya son jarhwa." Da ya gama, ilimina ya farfaɗo, na tuna askar ba a dafa ta ba. Na ciro kwalbar jan magani daga jakata, wanda muke shafa wa ciwo, na ce ya shafe mini kowane gurbi da kyau. Ya shafa kuwa, bai yi rowa ba. (Jan maganin nan in ya kama fata sai ya ga dama yake fita. Na san haka. Ni nake faɗa wa mutane.)

Ko ƙahon ne, ko asfirin ɗin ne ya ga damar fara aiki, ko tsoro ne, har yau ban sani ba. Abin da na sani shi ne na wayi gari na miƙe. Na mayar da zabirar akwati kafin Majo ya lura, na kulle. Inna ta ce, "To yanzu sai ka janye ƙara." Na ce takarda ta riga ta tafi Doso. Gaskiya ne ta tafi. Gaskiya ne kuma na riga na haddace jawabi da Faransanci mai daɗin gaske, ina jin asara ce a ce ba wanda ya ji shi. Batun baya kuwa bai dame ni ba, don a makaranta maɓalli kawai ake buɗewa a saurari ƙirji.

Ranar ta zo. Babban likita dogo ne, Babarbare daga gabas, wato taubashinmu Arawa, kuma Hausa a bakinsa kamar ruwa. Ɗaki ya yi zafi, sai ya sa aka fito da tebur baranda. Marasa lafiya na zaune a layi, ga masu gashi buzu-buzu sun zo jin yadda za ta kaya da wanzaminsu, ga Inna a can gefe ta rufe rabin fuska. Aka baje kayan zabira a kan tebur. Baba Tankari ya tsuguna a ƙasa, ya ajiye hularsa a gwiwa.

Na tashi cikin farar riga mai guga na zuba jawabi. Na yi maganar jahilci, na yi maganar sabuwar ƙasa mai bukatar sabon jini. Na nuna ƙahonin da yatsa na ce duk wanda ya miƙa jikinsa ga waɗannan ya ci amanar ci gaba. Mutane ba su ji ko kalma ba, amma sun ga yatsan.

Babban likita ya saurara har na gama, sannan ya tambaye ni da Hausa, "Tun da aka karɓe kayan nan, ina suke?"

"A kulle, ranka ya daɗe. Ga mabuɗin a wuyana. Ba wanda ya taɓa su."

Ya juya wajen tsohon. "Baba, tun daga ranar ka yi wa wani ƙaho?"

Baba Tankari ya sosa gemu ya ce, "Ranka shi daɗe, ni tsoho na, ido ya rage. Bayan mutane kuwa dut iri guda na."

Babban likita ya dube shi, ya dube ni. Sai ya ce hukunci ya jira, bari ya gama da ɗan gwaji tukuna, don yana son ya kai Tibiri kafin rana ta take. Ya rataya abin sauraron ƙirji a kunne. "Tuɓe."

"A nan, ranka ya daɗe?"

"Namiji ne kai. Ko Arawa sun fara jin kunya?"

Na buɗe maɓallai a hankali, na riƙe rigar a kafaɗa. Ya saurari ƙirji, ya ce zuciyar na gudu kamar ta ɓarawo. Sannan ya ce, "Cire duka, ka juya. Huhu ta baya ake jin sa."

An ce ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Na cire. Na juya masa baya, wanda ke nufin na juya wa rabin Dogon Dutsi baya.

Ni ban ga abin da suke gani ba, amma an sha kwatanta mini daga baya, kyauta: layi biyu na da'irori jajaye wur, kowace da tsagarta a tsakiya, a jere kamar an shanya tumatir. Wata mata a layin marasa lafiya ce ta fara magana. "La ilaha! Ƙaho na!"

Ban ji babban likita ya yi dariya ba, da ma ya yi da ya fi mini sauƙi. Sai na ji takunsa zuwa tebur, ya dawo, na ji sanyin wani abu a bayana. Ƙaho ya ɗauko yana gwadawa. Na farko ya yi faɗi, ya mayar. Na biyu ya zauna daram a kan da'irar, kamar murfi da tukunyarsa.

"Majo," in ji shi, "ka daɗe a aikin nan. Ka taɓa ganin ƙaho ya fita daga akwati a kulle, ya hau bayan ma'aikacin gwamnati, ya koma ya kulle kansa?"

Majo ya matsar da goro zuwa ɗaya kuncin. "Ƙasar Arewa ta, likita. Iskoki sun yi yawa. Wataƙila doguwa ta."

Nan baranda ta fashe. Wani mai ciwon haƙori ya yi dariya har ya manta da abin da ya kawo shi. Babban likita ya ɗaga hannu, ya kira Baba Tankari ya ce ya matso da idon nasa da ya rage, ya duba ko aikinsa ne. Tsohon ya taso, ya kai fuska dab da bayana, har ina jin numfashinsa.

"Tsagar tawa ta," in ji shi. "Amma jan hwentin ga na gwamnati na."

Na roƙi ƙasa ta tsage, ta ƙi. Ina tsaye ba riga, mabuɗi na lilo a wuyana, Inna ta rufe sauran rabin fuskar.

Da hayaniya ta lafa, babban likita ya sa na duƙa na taɓa yatsun ƙafa. Na taɓa, har da tafin hannu. Sannan ya rage murya, wasan ya fita daga cikinta. Ya ce shi bai damu da ƙahon ba, wanda ciwo ya kama yakan nemi sauƙi ko'ina. Abin da ya dame shi shi ne na tsaya gaban jama'a na ce ba wanda ya taɓa kayan, kuma na hana tsoho abincinsa alhali ina cin moriyar hannunsa a bayan rumbu. Ya ce mai jinya da zai yi ƙarya a kan mabuɗi zai yi ta a kan magani. Sai ya tambaye ni wata tambaya: tun daga Doso yake jin labarin wani mai allura a kasuwar nan, me ya sa bai ga sunansa a ƙarata ba? Na buɗe baki, Faransancin ya gudu, Hausar ma ta bi shi.

Hukuncin bai ɗauki lokaci ba. Lafiyar jikina ta yi, hali kuwa a sake dubawa baɗi, wato ƙarin shekara guda ina ɗan gwaji. Baba Tankari a mayar masa da zabirarsa, ya ci gaba da aski da ƙaho, amma ya bar cire wa jarirai belu, kuma duk ranar kasuwa a dafa asakensa a tukunyar gidan likita kafin ya taɓa kowa. Wanda zai dafa su, ya kai masa har gindin bishiya, shi ne ɗan gwaji. (Allurar Saje kuwa Majo ne ya karɓo ta daga baya, da sallama da goro, ba gardi ba jawabi.)

Haka na shekara ina ratsa kasuwa da faranti a hannu, asake na tururi, ina wucewa ta gaban masu gashin da yanzu suka sha aski tas. Farar rigar da nake so a gani, an gan ta har ta ishe ni. Kullum in na iso sai tsohon ya taɓa askar da yatsa ya ce, "Sun dahu, ɗan Hajo?" In ce sun dahu, Baba. Da baɗi ta zo babban likita ya sa hannu, amma sai da ya ce in juya tukuna.

Da aka haifa mini ɗan fari, Baba Tankari ne ya yi masa askin suna, da askar da na dafa da hannuna. Ya gama, ya shafa kuncin jaririn, ya dube ni ya ce, "A rubuta mai difulom?" Na ce a'a Baba, wannan sai ya je makaranta ya nemo nasa.

Daga baya ni ma na zama Majo, na zauna a bayan tebur ana kawo mini ƙarar yara masu farar riga, kuma ban taɓa sa hannu a kan ɗayansu ba sai na ji bayana ya yi ƙaiƙayi. Abin da na koya ke nan: kafin ka kai ƙarar wani, nemi mai ƙaunarka ya duba maka bayanka, don shi ne wurin da kowa ke gani ban da kai. In kuwa ka ƙi ji, to aƙalla kada ka shafa masa jan magani.